Kafin Mu Kyasta Ashana, Akwai Masu Barci A Ƙarƙashin Ciyawar Nan

'Yan'uwana ɗalibai, maza da mata, na ND da na HND, har da sababbin shiga waɗanda har yanzu suke neman inda ɗakin lakca yake. Ina godiya ga editocin wannan mujalla tamu da suka ba ni fili. Na san a irin wannan lokaci abin da ke ran kowa shi ne jarrabawa, da kuɗin rajista, da ruwan da ba ya zuwa hostal sai ƙarfe biyun dare. Don haka idan na ce zan yi magana a kan bushiya da kwaɗo, wani zai ce wannan ɗan ajin ƙarshen furojet ya taɓa masa kai. Na yarda, a yi dariyar. Amma a daure a karanta har ƙarshe, domin maganar daga bushiya ta faro, sai dai za ta biyo ta ƙofar ɗakinka.

Bara war haka, wata Asabar da yamma, aka cinna wa ciyawar da ke bayan hostal ɗinmu wuta, kamar yadda aka saba duk shekara idan hunturu ya shigo. Mu ma daɗi muka ji, har wasu suka fito jin ɗumi suna ɗaukar hoto. Washegari da sassafe na bi ta wurin da bokiti zan je neman ruwa, sai na ga wani abu a cikin toka kamar ƙwallon tsumma irin wanda muke bugawa muna yara. Na sa ƙafa na juya shi. Ashe bushiya ce. Ta dunƙule kamar yadda ta saba, ƙayoyin duk sun babbake. Kafin in kai bakin famfo na ƙirga guda uku, ga kuma wata hawainiya ta ƙame a jikin reshe, ko sakinsa ba ta yi ba.

Bushiya dabara ɗaya gare ta a duniya. Kare ya zo ta dunƙule, yaro ya zo da sanda ta dunƙule, kuma tun kaka da kakanni dabarar tana fisshe ta. Da wuta ta zo, abin da ta sani shi ta yi. Wannan ne ya tsaya mini a rai har na kai bokitin ɗaki.

Ba wai ina nuna wa kowa yatsa ba ne. Ni ɗan ƙauye ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da yara ke yi idan an gama girbi. Mu ne da gora da karnuka, mu cinna wa daji wuta ta gefe guda, mu tsaya ta ɗaya gefen muna jiran gafiya da zomo da kurege. Bushiya kuwa ko gudu ba ma yi a kanta, ɗauka kawai muke mu jefa a buhu. Na ci namanta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A lokacin ban taɓa tambayar kaina me take yi a ƙarƙashin tarin karan da muke ɗagawa ba, ga ta nan kwance ko motsin kirki ba ta yi. Sai da na zo makarantar nan na zauna a ajin nazarin halittu, sannan na gane abin da na ɗauka lalaci ne ashe hanyar tsira ce.

Ina kwaɗin suka tafi?

Duk wanda ya kwana a hostal a watan Agusta ya san kukan kwaɗi. Daga magariba har asuba, sai ka ce kwangila aka ba su. To yanzu fa? Tsit kake ji. Muna yara an ce mana daga sama suke faɗowa tare da ruwan farko, mu kuma muka yarda, tunda jiya babu su, yau ga su cike da tsakar gida. Gaskiyar magana ba inda suka je. Da yawansu suna nan ƙarƙashin ƙafarmu, muna taka saman ɗakinsu kullum a hanyar zuwa lakca.

A wannan yanki namu ruwa kan ɗauke a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Kusan wata bakwai ke nan babu ɗigo. Da fari hunturu ya zo da sanyi da ƙura, iska ta bushe har leɓe ya tsage. Daga nan bazara ta karɓa, zafi ya haura digiri 40. Ƙwari su yi ƙaranci, kududdufai su ƙafe. Mai fiffike sai ya yi gaba. Shamuwa tana barinmu ta nufi kudancin nahiyar nan, sai damina ta ƙarato take dawowa ta gyara sheƙarta. Wanda ba shi da fiffike kuwa, sai ya shige ƙasa ko ƙarƙashin wani abu, ya rage numfashi, ya rage bugun zuciya, ya daina ci, ya yi ta jira.

Mu ɗalibai ai mun fi kowa sanin wannan dabarar. Cajin wayarka ya koma kashi biyar, ba wuta, ba alamar za a kawo. Me kake yi? Ka kashe data, ka rage hasken fuskar wayar, ka ajiye ta, kada kowa ya taɓa. To haka jikinsu yake yi. Kitsen da suka tara da damina shi ne cajin, ruwan farko shi ne dawowar wuta.

Gwanar wannan fanni ita ce gaiwa. 'Yan Haɗeja da Nguru da Gashuwa da bakin Tafkin Chadi ba sai an yi musu bayani ba. Kifi ce, amma tana da huhu, tana shaƙar iska kamar ni da kai. Idan ruwan fadama ya fara ja da baya, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi wanda zai bushe ya zame mata kamar jaka, ta bar 'yar kafa daidai bakinta inda iska za ta riƙa shiga. Laka ta bushe ta yi tauri kamar bulo, shanu su bi ta kai, ita tana ciki abinta. Mutanenmu na cewa gaiwa jikinta take ci da rani, kuma kimiyya ta gaskata su, domin tsokar jikinta take narkarwa a hankali tana rayuwa da ita. Wata da watanni take yi a haka. An ma taɓa ajiye irinta a ɗakin gwaji ta yi shekaru cikin busasshiyar laka, da aka zuba ruwa ta farka.

Kwaɗi kuma kowane iri da salonsa. Akwai masu tona ƙasa da ƙafafun baya, su shige da baya da baya har su ɓace. Wasu daga cikin manyan, idan sun shiga, fatar jikinsu ce ke saɓulewa falle bayan falle ba tare da ta faɗi ba, har ta zame musu riga mai hana ruwan jiki tsiyayewa, ga kuma ruwan da suka adana a mafitsara suna ja a hankali. Wasu kuwa ba sa nisa. Tsagar gini, ƙarƙashin dutse, gindin tankin ruwa, bayan tukunyar fulawa, duk inda ɗan laima ya rage nan suke laɓewa.

Damo ba a banza ake masa kirari da sarkin haƙuri ba. Da damina yake cin nasa, gyare da ƙadandoniya da dodon koɗi da buzuzu, ya tara kitse a ciki da wutsiya. Da rani ya kama sai ya shige rami ko tsohon suri, ya yi watanni kusan bai sa komai a bakinsa ba. Babban kunkurun nan na Sahel da wasu ke ajiyewa a gida, a daji rami yake haƙa mai tsawon mitoci ya kwanta a ciki har zafi ya wuce, kuma yanzu haka yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Dodon koɗi yana komawa cikin ƙoƙonsa ya liƙe ƙofar da wata 'yar farar fata. Hawainiya tana binne ƙwanta a ƙasa ya yi watanni kafin ya ƙyanƙyashe. Ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski, wanda yara ke tsinta a gona bayan ruwan farko, shi ma kusan duk shekara a ƙasa yake, 'yan kwanaki kawai yake leƙowa, lokacin da shinge ke tashi.

Ita bushiyarmu barcinta bai kai na waɗannan nauyi ba. Idan abinci ya yanke takan lafe na kwanaki, wani lokaci har makonni, sannan ta ɗan fito da dare ta laluba ta koma. Kuma ba ta haƙa rami mai zurfi. Tarin ganye, tarin kara, gindin gamba, ƙarƙashin itacen da ya faɗi, nan ne ɗakinta. A nan matsalar take. Wanda ya yi nisa cikin ƙasa, wutar ciyawa kan wuce ta kansa bai ji ba, domin ƙasa ba ta saurin kai zafi ciki. Amma na sama-sama, wato bushiya da hawainiya da kulɓa da dodon koɗi da kwaɗin da ke ƙarƙashin ganye, su ne muke soyawa duk shekara. Wanda ya tsira kuma ya wayi gari ba rufi, ba inuwa, ba laima, shirwa na shawagi a sama. Ku lura ma, duk inda aka sa wa daji wuta za ku ga shirwa da sauran tsuntsaye sun taru a kan hayaƙin. Ai ba toka suka zo ci ba. Sun san wurin da muke cewa ba komai a cikinsa cike yake da rai.

Ko ba wuta, tashin mai irin wannan barci ma cutarwa ce. Duk farkawa ɗaya tana cin kitse mai yawa, kamar dai ka kunna data a wayar da ke kashi biyar. Damon da aka tono a watan Fabrairu don wasa aka sake shi, ina zai sami abinci kafin Yuni?

Darasi daga Ingila

Mu fari da yunwa ke kwantar da namu, a ƙasashen Turai kuwa sanyi ne, amma aikin jikin kusan iri ɗaya ne. A Ingila bushiyarsu takan kwanta daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, a cikin sheƙar busasshen ganye da take haɗawa a gindin shinge ko a kusurwar lambun gida. Zafin jikinta yakan sauko daga wajen digiri 35 zuwa ƙasa da 10, bugun zuciyarta daga kusan 190 a minti ya koma wajen 20. Idan ka gan ta sai ka rantse ta mutu.

Da can bushiya a lambunan Ingila kamar ƙadangare take a wurinmu, ba wanda ke ɗaga kai ya kalle ta. Sai ga shi a 2020 an sa ta cikin jerin dabbobin Birtaniya da ke cikin hatsari. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare ta suka fitar a 2022 ya nuna cewa a yankunan karkara yawanta ya ragu da tsakanin kashi 30 zuwa 75 cikin ɗari tun daga shekarar 2000. A 2024 kuma ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke ƙarewa a duniya, ta ɗaga matsayin bushiyar Turai zuwa na waɗanda suka kusa shiga barazana. Ba wani ne ya tashi ya ce zai ga bayanta ba. Motoci ne a kan titi, da magungunan feshi, da sare shingayen gonaki, da katangun da suka raba gida da gida, da son a ga lambu fes ba ko ganye ɗaya a ƙasa.

Yanzu sun dawo suna lallashi. Ana roƙon maƙwabta su huda ƙasan katangarsu, kafa mai faɗin santimita 13, don bushiya ta riƙa wucewa daga lambu zuwa lambu. Ana cewa a bar kusurwa ɗaya ba shara, a tara mata ganye da guntayen itace. Suna da wani biki da suke yi duk ranar 5 ga Nuwamba inda ake hura manyan wutace, daidai lokacin da bushiya ke neman wurin kwanciya, don haka duk shekara sai an yi ta shela cewa kada a kunna tarin itacen da ya kwana, a kwashe shi a sake tarawa a wani wuri ranar da za a kunna. Har wani shiri gare su na manyan makarantu, wanda ya faro daga Jami'ar Sheffield, inda ake ba makaranta lambar tagulla ko azurfa ko zinariya gwargwadon yadda ta kyautata wa bushiya a harabarta, kuma ɗalibai ne ke jan ragamar aikin. Wani abin dariya kuma, irin bushiyar da muke jefawa a buhu ita ce ake kiwo a gidaje a Amurka da Japan, ana sayenta da kuɗi mai kauri don sha'awa kawai.

Ba cewa nake mu kwaikwayi Bature a komai ba. Amma Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni dai na san a ƙauyenmu yadda muke cika buhu muna yara, ƙannena yanzu sai su yini ba su ga ko ɗaya ba. Wanda ya fito daga karkara ya tambayi na gida ya ji.

To, macizai fa?

Na san inda za a tare ni ke nan, kuma wanda ya tare ni yana da gaskiya. Ba wanda iyayensa suka turo shi karatu don ya zo maciji ya sare shi a hanyar banɗaki. Saran maciji ba abin wasa ba ne a Arewa. Kububuwa kaɗai ta isa misali, ga asibiti sukutum a Kaltungo ta jihar Gombe da aka san shi da jinyar waɗanda maciji ya sara, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan zaɓin shi ne ran ɗalibi ko ran bushiya, wallahi ni ne farkon wanda zai miƙa ashana. Su ma ma'aikatan da ke sa wutar ba mugunta ba ce. Mutum uku ko huɗu ne da adda, fili kuma ya fi ƙarfinsu, ashana ɗaya ta gama aikin mako biyu.

Amma mu tsaya mu duba, wutar tana yin aikin da muke so kuwa? Maciji ba bushiya ba ne, ba ya tsayawa ya dunƙule. Ko dai ya shige ramin ɓera wutar ta wuce ta kansa, ko ya sulale ya nemi mafaka mafi kusa. Idan an ƙone duk filin, ina ne mafaka mafi kusa mai inuwa da laima? Banɗakinmu, da bayan tankin ruwa, da kwatar da ke gindin taga. Ɓerayen da ke cikin ciyawar ma nan suke nufa. A makon da aka yi waccan wutar, ba ɗakin da bai yi kukan ɓera ba a layinmu. Ni garin kwakina suka fasa, abokin zamana kuma suka ci masa gefen takardun da ya yi fotokwafi. Ba a cika kwana goma ba aka kashe maciji a banɗakin ƙasa. A da can yana cikin ciyawarsa, mu muka yi masa sammaci.

Abin da ke jawo maciji kusa da mutane abinci ne da maɓoya. Abincinsa ɓera, abincin ɓera kuwa ragowar shinkafa da taliyar da muke watsawa ta taga, da bolar da ke ƙofar hostal. Duk wanda ke tsoron maciji da gaske, daga nan ya kamata ya fara. Sannan kada mu manta waɗanda muke ƙonewar ma'aikatanmu ne da ba ma biya. Bushiya tana cin kyankyaso da gyare da fara da gara, tana cin kunama, har ƙaramin maciji takan taɓa, don jikinta na da juriyar dafi fiye da yawancin dabbobi masu girmanta. Kwaɗo ɗaya da ke zama ƙarƙashin fitila, shi kaɗai ya san ƙwarin da yake lashewa a dare. Mu kashe su da hunturu, da damina kuma mu zo muna sayen fiya-fiya muna shaƙa a ɗaki.

Asarar da ba ma lissafawa

Akwai kuma abin da ya shafi aljihunmu kai tsaye. Duk damina ƙungiyoyin ɗalibai na dashen itatuwa, a sa riga iri ɗaya, a yi jawabi, a ɗau hoto. Da kuɗinmu ake sayen dashen. Wanda ke shakka ya je ya ƙirga nawa suka kai Maris. Darbejiya ko mangwaron da bai kai gwiwa ba, ba ya jure wuta ko ta minti ɗaya ce. Mu dasa a Yuli, mu ƙone a Disamba, mu sake dasawa a Yuli. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, mu dai har yau ban ga inda muka sayar da tamu ba.

'Yan sashen noma za su gaya muku cewa idan ciyawa ta ƙone, sinadarin naitirojin da ke cikinta hayaƙi yake bi ya tafi. Tokar da ta rage tana da ɗan amfani, amma iskar hunturu ba ta barinta ta kwana biyu a wurin. Ƙasa ta zauna tsirara wata biyar, ruwan farko ya zo ya kwashe samanta ya zuba a kwalbati, mu kuma mu yi ta ƙorafin ambaliya a ƙofar aji. Ga hayaƙi. Ciyawarmu ai ba ita kaɗai take ci ba, haɗe take da ledar ruwa da robar lemo da tsofaffin silifas. Ka haɗa wannan da ƙurar hunturu, sannan ka tuna da masu asma da ke kwana a ɗakunan da ke fuskantar filin. Ga kuma hatsarin gobara, a lokacin da komai ya bushe kuma iska ke kaɗawa, kusa da wayoyin lantarki da shagunan katako. Wanda ke son maganar doka ma akwai ta. Tun 2011 hukumar NESREA take da ƙa'idojin da suka taƙaita ƙona daji da ƙone-ƙone a fili ba tare da izini ba. Makarantar da ke koyar da kula da muhalli a aji bai kamata a ce ita ce ke turnuƙe unguwa da hayaƙi ba.

Abin da nake roƙo

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, musamman mai kula da walwala, da kuma hukumar makaranta, ga shawarwarina. Ba wadda ke buƙatar kasafin kuɗi na musamman.

Na farko, a yanke maimakon a ƙone. Kewayen hostal da ajujuwa da hanyoyin da muke bi da dare, a share su tas, kamar taku goma sha biyar daga bango, ba ciyawa, ba tarin bulo, ba tsohon kwano. Wannan shi ne maganin maciji na gaskiya. Kuma busasshiyar ciyawa kuɗi ce da rani. Masu kiwon tumaki da shanu a cikin gari saye suke yi, masu saƙar zana na neman gamba. Idan aka yi magana da su, da laujensu za su zo su yanka su ɗaure su tafi, wataƙila har su bar wa ƙungiya wani abu.

Na biyu, a ware wuri ɗaya ko biyu can nesa da ɗakunan kwana, kamar bayan gonar gwaji ko jikin katangar ƙarshe, a ce nan ba wuta, ba feshi, ba farauta. A share masa layi a kewaye don ko wuta ta tashi a wani wuri kada ta tsallaka. Ganyen da ake sharewa kullum a kai shi can da baro a tara. Dabbobin sun sami ɗaki, kafin wata damina kuma ganyen ya zama takin da za a zuba wa dashenmu. Idan akwai tsohon suri a wurin, a bar shi.

Na uku, idan ƙonawar ta zama dole a wani wuri, to a yi ta da hankali. A yi da wuri, ciyawa na da sauran ɗanye, domin wutar Nuwamba ba ta kai ta Fabrairu zafi da ɓarna ba. A yi da sassafe kafin iska ta tashi, a yi kaɗan-kaɗan, a kunna ta ɓangaren gine-gine yadda mai gudu zai nufi daji. Kada a yi wa fili zobe da wuta. Tarin shara ko kara da ya daɗe a wuri, a sa manjagara a matsar da shi gefe kafin a kunna. Aikin minti biyar ne.

Na huɗu namu ne mu ɗalibai. A daina zubar da abinci ta taga. Gwangwanin madara da na tumatir a taka bakinsa kafin a yar, domin bushiya na cusa kai ta kasa fitarwa. Ramukan gini da kwatocin da aka bari a buɗe, a rufe su, ko a jingina katako a ciki yadda abin da ya faɗa zai iya hawowa. Idan ka ɗaga wani abu ka tarar da bushiya ko kwaɗo a lafe, mayar da rufin yadda ka same shi ka wuce. Kada ka zuba masa ruwa wai ka ga ko yana da rai, kada ka kai shi ɗaki don ka yi bidiyo. Masu tausayin da ke ba bushiya madara su daina, cikinta ba ya narkar da ita, zawo take sa ta. In kana son taimako, ɗan kasko mara zurfi da ruwa a gindin bishiya ya isa, amma a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu don kada mu buɗe wa sauro gidan haihuwa. Da dare kuma a riƙa fita da tocila da takalmi rufaffe, musamman masu zuwa karatun dare.

Na biyar, ga ƙannenmu 'yan ND I da za su fara neman taken furojet nan ba da daɗewa ba. Ga aiki nan kwance a bayan hostal. A ware fili biyu, ɗaya a ƙone, ɗaya a yanke, a ƙirga abin da zai fito a kowanne bayan ruwan farko, a auna laimar ƙasa, a ƙirga dashen da ya rayu. 'Yan SLT da 'yan noma da 'yan safiyo da 'yan ƙididdiga duk suna da abin yi a ciki. Ya fi a je a kwafo aikin da wani ya kwafo daga wani.

Ni dai saura 'yan watanni in tattara katifata in bar makarantar nan, ba lallai ne ma ruwan farko na bana ya same ni a hostal ba. Ku ne za ku ji ko kwaɗin sun yi kuka ko ba su yi ba. Ciyawar bayan hostal ta riga ta bushe, kuma na san ba za a daɗe ba wani zai laluba aljihu ya ciro ashana. Roƙona ga kwamared ɗinmu shi ne su je su sami sashen ayyuka kafin ranar, a zauna a yi magana. Idan aka sa ranar yankan ciyawa, a sa sunana a farkon takarda. Na iya riƙe lauje, kuma akwai bashin bushiya a wuyana da nake so in rage kafin in tafi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai mu damina lafiya.